Ruwan Sha Huɗu ga Wata

Jiya na ji ɗayanku yana waya da gida, yana cewa abin da ya samu a Doha ba aiki ba ne, wai tanti kawai ake kafa wa masu yawon shaƙatawa a bakin ruwa, a wuni ana shan iska. Ban tanka ba don bakina cike yake da shinkafa. Yau tunda babu fita, ku matso ku ji. Shekarata tara ina wannan shan iskar, ku dubi tafin hannuna ku gaya min ko ya yi kama da na ɗan hutu.

Ni ɗan Ibi ne, a bakin Binuwai aka yanke cibiyata. Da na zo ƙasar nan dako na fara a kasuwar kayan gwari ta Abu Hamur, kuma a can Baba Seidu ya tsince ni. Ya zo sayen tumatir da albasa, na ɗaure masa kayan a bayan a-kori-kura, ya ja igiyar ya ji ko gezau. Ya ce, "Kai, wa ya koya maka ƙulli?" Na ce masunta. Ya ce in same shi gobe. Mutumin Gana ne, ɗan Zangon Sekondi, dogo baƙi mai ƙaramar murya, kuma shi ne foman a kamfanin wani Balarabe mai kafa wa baƙi zango a gandun gwamnati da ke arewa da Doha. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka mai da ikamata, wato takardar zamana a ƙasar, hannun kafilinsa, Balaraben mai kamfanin. Hausarsa irin tasu ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinsa, sai da na yi wata guda ina dariya kafin na saba.

Wurin sau biyu kawai kuka je, don haka ba ku san shi ba tukuna. Abin da Larabawa ke kira hor reshen teku ne da ya kutso cikin tudu yana lanƙwasa kamar rafi, itatuwa masu duhun ganye sun tsiro cikin ruwan gishirin hagu da dama. Akwai fili shimfiɗaɗɗe dab da ruwa, akwai kuma ɗan tudu mai fararen duwatsu can baya. Ma'aikatan gandu ba sa wasa. Ba a karya reshe, ba a hura wuta a ƙasa, kuma in suka tsinci ko murfin kwalba a cikin itatuwan nan bayan tashinka, takardar izinin kamfani ce a bakin wuta.

Aikin farko da Baba Seidu ya ba ni turke ne guda ɗaya. Ya miƙo min guduma, wata tsohuwa da ya naɗe ƙotarta da robar tayar keke, ya ce in kafa. Bugu uku na yi turken ya nutse, na miƙe ina hura hanci. Ya sa yatsu biyu ya zare shi kamar mai cire tsinke daga tsire. Wallahi na ji kunya. Ranar na koyi cewa rairayi ba ya riƙe turke ko da na ƙarfe ne. Buhu za ka cika da yashi, ka ɗaure igiya a ƙugunsa, ka haƙa rami zurfin kamu biyu ka binne shi, ka tattake. In kuma ƙasar gishiri ce mai tauri, turken ƙarfe dogo za ka sa, ka karkata kansa ya ba tanti baya. Babban tanti ɗaya yana cin buhu goma sha shida, kuma kowane buhu bayanka ne zai ɗauke shi. Ƙofa ba ta kallon arewa, saboda iskar arewa da suke kira shamal in ta taso ta samu ƙofa a buɗe, shi ke nan, tantin ya zama nata. Banɗaki yana can inda iska ke tafiya, ba inda take fitowa ba. Kafin ka shimfiɗa darduma ko ɗaya ka san ina alƙibla take, don baƙo na sauka daga mota abin da zai fara tambaya ke nan.

Su baƙin kuwa kowa da halinsa. Balarabe yana son majalisa mai faɗi da matasan jingina, kuma ba za ka bar wurin ba sai ka zauna ka ci shinkafa da rago, ko da kana tsakiyar aiki. Bature yana son ɗan tantinsa can nesa inda ba ya jin motsin kowa, ya kawo madubin hangen nesa ya yi ta tambayarka sunayen tsuntsaye. Ni duk zalɓe nake ce musu, fari da ja, su kuwa su rubuta a littafi. Akwai wani likita ɗan Indiya da ya rantse shi zai kafa nasa da hannunsa, ya hana mu taɓawa. Bayan azahar iska ta ɗauki tantin da wandonsa a ciki, muka bi su a guje, matarsa tana dariya har da riƙe ciki. Duk shekara yana dawowa, kuma har yau bai sake taɓa guduma ba.

Baba Seidu ba ya koyarwa da baki. Ka kalla, ka yi, in ka yi ba daidai ba ya warware ya sake a gabanka ba tare da ya ce uffan ba. Yana da wata al'ada kuma: kullum da safe kafin ya ta da mota sai ya ce, "Sale, yau nawa ga wata?" In faɗa masa, ya gyaɗa kai. Da yake mutum ne mai azumin tsakiyar wata, na ɗauka lissafin azuminsa yake yi. Wata rana ya kafa zango a filin ƙasa dab da ruwa, wata rana ya ce tudu za mu hau, baƙi su yi ta ƙorafi an nisanta su da ruwa, shi ko a jikinsa. Na ɗauka wannan rigimar tsufa ce. Na san teku tana cikowa ta janye kullum, na kuma san layin busasshiyar ciyawa inda take tsayawa. A kaina wannan layin shi ne iyaka. A gida Binuwai ba ta haura gaɓa sai an yi ruwan sama a wani wuri, kuma ni da na tashi cikin kwalekwale wa zai koya min ruwa? Na sha ganin filin a jiƙe da safe, ban taɓa tambayar dalili ba.

Sai shekarar annoba ta zo. Aka rufe gandu, aka tara tantuna a sito har ɓeraye suka yi gida a ciki. Baba Seidu ya ƙi yarda mu zauna muna kallon juna a ɗakinmu na unguwar Mu'aizar, ya ja mu muka koma dako a Abu Hamur, shi da furfurarsa. A can ya taka ƙusar akwatin lemo. Yana da ciwon suga, don haka ciwon ya ƙi warkewa, ya zama gyambo a ƙasan ƙafar dama. Duk bayan kwana biyu sai an kai shi asibiti an wanke. Mai wanke masa wata nas ce 'yar Fankshin, Sista Rifkatu, gajeruwa mai faɗa, wadda ta mai da shi tamkar ubanta. Ita ta gaya min a fili cewa muddin yana zuwa ana wankewa ana ba shi allura, ƙafar za ta tsira, amma in ya bari, yankewa za a yi daga gwiwa.

Ku riƙe wannan, don shi ne maganar. Katin asibitinsa da ikamarsa yake tafiya, ikama kuma da aiki. Ranar da kafil ya sallame shi, ranar magani ya ƙare.

Da aka buɗe gandu kafil ya kira mu ofis. Ya dubi sandar da Baba ke dogarawa ya ce foman da ba ya iya tsayuwa ba foman ba ne. Baba Seidu ya ce zai zauna a mota yana nunawa, Sale ne hannunsa da ƙafarsa. Kafil ya ce ya ba mu sanyin bana kawai, kuma matsala ɗaya aka samu, khalas, shi ke nan, tsoho zai koma Gana. Wata biyu muka yi muna aiki kamar masu tafiya a kan ƙwai, ko cokali bai ɓata ba.

Ana nan ciwon ya tashi, aka kwantar da shi, aka ce ranar Asabar da safe za a shiga da shi a cire yatsu biyu. Asabar ɗin nan kuma muna da baƙi, kuma ba kowa ba ne illa Sista Rifkatu da abokan aikinta bakwai na cocinsu. Tun da daɗewa ta yi rajista da mu don ta ƙara wa Baba kasuwa, ga shi mahaifiyarta, Mama Saratu, ta zo mata ziyara daga gida. Na tafi da 'yan Nepal biyu da muke aiki tare, karo na farko ba Baba a gaban mota. Ba wanda ya tambaye ni nawa ga wata, ni ma ban tambayi kaina ba. Sha huɗu ne.

Mama Saratu ta haura saba'in, kuma ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgi. Tana sauka daga bas ta ce, "Ɗana, ka sa ni inda zan miƙa ƙafa in taɓa shi." Na ɗaga kai, sama tas, ko ɗigon gajimare babu. Shamal tana ɗan kaɗawa tun jiya, amma wannan ai ba sabon abu ba ne. Na ce a raina yau zan fitar da Baba kunya wurin matar da ke riƙe da ƙafarsa. Na kafa tanti uku a filin ƙasa, taku goma daga layin ciyawa, na binne buhunana yadda ko shi ba zai samu abin gyarawa ba. Na jawo motar har gindin tanti don kada tsohuwa ta wahala. Suka shimfiɗa abinci, gwate ne cike da kula irin nasu na Filato, suka tilasta mana muka ci. Suka yi waƙoƙin coci da tafi, Mama tana zaune a bakin ruwa tana tsokanar ƙaguwa da sanda. Sista ta kira asibiti aka ce an fito da Baba lafiya yana barci, aka yi ta guɗa.

Ina sallar la'asar a bayan tanti na ji sanyi a gwiwata. Na sallame na duba, dardumar ta jiƙe sharkaf. Abin da ya ɗaure min kai, ba daga gaba ruwan ya zo ba. Akwai wani kwari mara zurfi tsakanin filin da tudu wanda kullum a bushe muke ratsa shi da mota, ashe shi ya fara cika, ruwa ya zagayo ta bayanmu shiru ba ko ƙara. Kafin in kai ga mota gaba ma ya haura layin ciyawa. Na ta da ita, na taka, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna nutsewa cikin taɓo. Innalillahi! Na fito na bar ta.

Na durƙusa gaban Mama na ce ta hau. Ta ce, "Ni? Goyo?" Na ce, "Mama, don Allah ki hau, ba lokacin magana." Ta ɗare bayana, na ratsa kwarin da ita, ruwa har cinya, taɓo yana cire min takalmi. Ita kuwa dariya take yi a kunnena, tana cewa rabonta da goyo tun zamanin Turawa, a ɗauke ta hoto a aika Fankshin. Na sauke ta a kan farin dutse na juya. Sai ga farantan roba, kofuna, ledoji, silifa, matasai, duk sun tashi suna yawo, iska tana kora su cikin itatuwan gandu.

Na tsaya riƙe da kai. Sista Rifkatu ta zo ta tsaya a gabana, ruwa har ƙugunta don gajarta. Ita kaɗai a cikinsu ta san sharaɗin kafil. Ta ce, "Sale, tsayuwar me kake yi? Ƙafar da na yi wata bakwai ina wankewa ce za ka bari ta tafi a kan farantin roba?" Ta juya ta daka wa sauran tsawa kamar tana ɗakin haihuwa. Matan nan takwas da suka zo hutu suka ɗaure zannuwa, suka jera, suka shiga cikin itatuwa suna tsinta ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna kwance tantuna muna kai su tudu a ka. Mama tana kan dutse tana nuna musu da sanda: ga kofi can, ga leda can. Ma'aikacin gandu ya iso dab da magariba, ya tsaya ya daɗe yana kallonsu, ya zagaya bai samu ko cokali ba. Motar kawai ya rubuta, don ita ba ta ɓoyuwa. Washegari aka jawo ta, gishiri ya riga ya gama da injin.

Da hantsi na je asibiti. Baba Seidu yana kwance, ƙafa a naɗe an ɗora ta kan matashi. Na ba shi labari kaina a ƙasa. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Jiya nawa ga wata?" Na ce sha huɗu. Ya rufe ido ya ce, "Da shamal kuma." Sannan ya yi min bayanin da bai taɓa yi ba: in wata ya cika, ko in ya ɓace gab da tsayuwar sabo, teku tana haurawa fiye da kullum, in kuma iskar arewa ta turo ta, filin ƙasa nata ne. Kowane yaro a Sekondi ya san wannan. Na ce, "Baba, shekara uku kana tambayata, na zaci azumi kake lissafi." Ya ce, "Ni kuma na zaci ka gane, ɗan bakin kogi." Can ya ce, "Ka gaya wa kafil ni na yi maka waya na ce ka kafa a ƙasa. Ni na tsufa. Kai yaranka ƙanana ne."

Ashe Sista tana bayan labule tana haɗa allura. Ta yaye shi ta ce, "Baba, ka ji tsoron Allah. In ka hau jirgi da ƙafar nan yadda take, wata biyu ba za ta kai ba. Kai kuma Sale, in ka faɗi ƙaryar nan kada ka sake gaishe ni."

Da ma ba zan faɗa ba, amma gaskiyar ma ban ga inda za ta kai mu ba, tunda sharaɗi matsala ɗaya ne, ga ta kuma ta faru. Na je ofis ni kaɗai da guntun Larabcina na kasuwa. Kafil ya yi ta faɗa yana buga tebur, ya ce khalas, ni da tsohon duka mu tattara. Na bari ya sauke numfashi, na ce ni dai na ci a kore ni, amma tsoho yana ƙarƙashin wuƙar likita lokacin da na kafa tantin. Ya ce to me ya sa na kafa a ƙasa? Na ce don ban san abin da Baba ya sani ba. Kullum sai ya tambayi kwanan wata kafin ya zaɓi wuri, ni kuwa ban taɓa sanin dalili ba sai jiya.

Sai na ga mutumin ya daina buga tebur. Ya ce, "Kwanan wata yake tambaya?" Na ce kullum. Ya jingina da kujera ya ce kakansa matuƙin jirgin ruwa ne, haka shi ma yake yi kowace safiya kafin ya sha gahawa. Ya tambaye ni shekarar Seidu nawa a kamfanin. Na ce sha ɗaya. Ya ce ruwa ya taɓa shiga tantinsa? Na ce ko sau ɗaya. Ya ce, "Rana ɗaya ba ya nan, ka ba teku motata." Na ce haka ne. Ya daɗe yana juya carbi, sannan ya ce daga yau ba a kafa turke ko ɗaya sai tsohon yana zaune a wurin, a saya masa kujera da lema. Ni kuma, tunda ina son ruwa, banɗakuna nawa ne har sanyi ya fita. Yalla, in tashi in kama aiki.

Na wanke banɗaki wata uku, kuma ban taɓa yin aikin da ya yi min daɗi kamarsa ba. Kullum ni ke sauke kujerar in kafa masa a tudu, in ɗora ƙafar kan kula. Tun daga lokacin bakinsa ya buɗe, ya dinga koya min da magana har sai na ce Baba ya isa haka. Duk abin da nake takura muku da shi yanzu, daga kujerar nan na ɗauko shi. Duk bayan kwana biyu kuma in kai shi wurin Sista, ta wanke, ta yi mana faɗa mu biyu, mu dawo.

Sanyi uku ya ƙara yi da mu. Gyambon ya rufe a na biyu. A ƙarshen na uku shi da kansa ya ce ya gaji, yana son ya je ya ga jikokinsa, kafil ya sallame shi da mutunci har da rungumarsa. Ni da Sista Rifkatu muka raka shi filin jirgi. Wani ma'aikaci ya ga furfura da ɗingishi, ya turo keken marasa lafiya da sauri. Baba Seidu ya ɗaga masa hannu ya ce ya gode. Ya miƙa min sandarsa ya ce in riƙe, ba ya son jikoki su fara ganinsa da ita. Ya saɓa jaka, ya nufi ƙofa a hankali da ƙafafunsa biyu, yatsu takwas, bai waiwayo ba.

Sista ta taɓa ni da gwiwar hannu ta ce, "Sale, dubi yadda yake taka ta."

Na ce mata ba na gani sosai. Ta ciro tishu daga jaka ta raba biyu, ta ce ita ma haka.